Yaushe Aka Rubuta Littattafan Sabon Alkawari, Kuma Su Wa Suka Rubuta Su?

Wanda ya saba da tsofaffin waƙoƙin ajami na ƙasar Hausa ya san cewa mawallafi yakan rufe waƙarsa da ramzi, wato 'yan haruffan da idan aka haɗa lissafinsu za su ba da shekarar Hijira da aka kammala ta, wani lokaci ma har ya ambaci sunansa da na mahaifinsa kafin ya ajiye alƙalami. Littattafai 27 na Sabon Alkawari, waɗanda su ne kashi na biyu na Littafi Mai Tsarki a hannun Kirista, ba su zo da irin wannan hatimi ba. Babu ɗayansu da ke ɗauke da shekarar da aka rubuta shi, kuma da dama daga cikinsu, har da Linjiloli huɗu, ba su faɗi sunan marubucinsu a cikin nassi ba. Wannan giɓi ne ya sa a dandalin muhawara ake jin wani na cewa almajiran Yesu ne suka zauna suka rubuta su nan take bayan tafiyarsa, wani kuma na cewa a taron Nikiya na shekarar 325 aka tsara su bisa umarnin Sarki Kustantin. Hujjojin da ke hannun masana tarihi ba su goyi bayan ko ɗaya daga cikin maganganun biyu ba.

## Shekaru uku da ake cakuɗawa

Yawancin ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa abubuwa uku da ba ɗaya ba ne. Akwai lokacin da aka fara rubuta littafi, akwai lokacin da aka yi kwafin da ya fi tsufa cikin waɗanda suka iso gare mu, sannan akwai lokacin da majami'u suka daidaita a kan jerin littattafan da za a riƙa karantawa a matsayin nassi. Wasiƙa ta fari da Bulus, mai yaɗa saƙon Kirista a biranen daular Roma, ya aika wa Korantiyawa, wato Kiristocin birnin Koranti na Girka, misali ce mai kyau: an rubuta ta a tsakiyar shekarun 50 na miladiyya, kwafinta mai yawan shafuka da ya fi daɗewa na wajajen shekarar 200 ne, jerin farko kuwa da ya lissafa littattafai 27 cif kamar yadda suke a yau yana cikin wasiƙar da Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya aika wa majami'un Masar a shekarar 367. Duk wanda ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan shekaru ya kira ta "shekarar littafin" ba tare da fayyace wadda yake nufi ba, zai iya faɗin gaskiya kuma ya ɓatar da mai sauraro a lokaci guda.

Kalmar Linjila ma tana bukatar bayani. Asalinta daga wata kalmar Girkanci ne mai ma'anar bishara, ta iso Hausa ta hanyar Larabci. A fahimtar Musulmi, Linjila littafi ne da aka saukar wa Annabi Isa. Littattafai huɗu da Kirista ke kira Linjila ko Bishara, wato Matiyu da Markus da Luka da Yahaya (sunan almajirin Yesu ne, ba Annabi Yahaya ba), ba su gabatar da kansu a matsayin littafin da aka saukar masa ba. Labarin rayuwarsa ne da koyarwarsa da wasu suka rubuta da Girkanci, alhali shi da Aramiyanci ya yi yawancin maganarsa. Ko wahayi ne ko ba wahayi ba, magana ce ta aƙida. Abin da mai nazarin tarihi zai iya aunawa shi ne lokaci da harshe da hannun da ya rubuta.

Shi kansa "marubuci" a wancan zamani ba lallai ne ya zama mai riƙe da alƙalami ba. A ƙarshen wasiƙar Romawa, wani mai suna Tartiyas ya gai da masu karatu yana cewa shi ne ya rubuta wasiƙar, wato magatakarda ne da Bulus ya yi wa shifta. A ƙarshen Galatiyawa kuwa Bulus ya karɓi alƙalamin da kansa, har ya ja hankalin masu karatu ga manyan haruffan hannunsa.

## Dutsen Delfi da wasiƙun Bulus

Tunda babu ramzi, masana suna neman wurin da labarin cikin littafi ya haɗu da wani abu na tarihin Romawa da aka san shekararsa. Mafi ƙarfi a cikin irin waɗannan shi ne wani rubutu a kan dutse da aka tono gutsattsarinsa a Delfi ta ƙasar Girka, wanda wasiƙa ce daga Sarki Kalaudiyas da ta ambaci Galiyo a matsayin gwamnan lardin Akaya. Lissafin laƙaban sarkin ya nuna an rubuta ta a farkon rabin shekarar 52, kuma da yake irin wannan gwamna shekara guda yakan yi a kujera, an sanya mulkin Galiyo tsakanin 51 da 52. Littafin Ayyukan Manzanni, sura 18, ya ce an gurfanar da Bulus gaban wannan Galiyo a Koranti, inda ya zauna shekara ɗaya da rabi. Daga wannan turke ake ƙirgawa gaba da baya. Wasiƙar Tasalonikawa ta fari, wadda alamu suka nuna daga Koranti aka aika ta, ta faɗo wajajen 50 ko 51, shi ya sa mafi yawan masana ke ɗaukarta rubutun Kirista mafi tsufa da ya tsira, kimanin shekara ashirin bayan zamanin da Bilatus, gwamnan Yahudiya daga 26 zuwa 36, ya yanke wa Yesu hukunci. Romawa kuma ta zo wajajen 57.

Wasiƙu 13 ne ke ɗauke da sunan Bulus. Bakwai daga ciki kusan babu mai jayayya a kansu, ko mai bi ko marar bi: Romawa, Korantiyawa ta fari da ta biyu, Galatiyawa, Filibiyawa, Tasalonikawa ta fari, da Filimon. A kan Afisawa da Kolosiyawa da Tasalonikawa ta biyu ra'ayi ya rabu sosai. Inda shakka ta fi ƙarfi shi ne Timoti ta fari da ta biyu da Titus. Tun 1807 malamin Jamus Friedrich Schleiermacher ya tuhumi Timoti ta fari, sannan a 1921 P. N. Harrison ya ƙirga cewa cikin kalmomi 848 da wasiƙun uku suka yi amfani da su, ban da sunaye, 306 ba su bayyana a sauran wasiƙu goma ba. An ƙara da cewa wasiƙun suna magana kan tsarin shugabancin majami'a da ya riga ya zauna, da sharuɗɗan naɗa bishop da dattawa, kuma Markiyon, wanda ya tara wasiƙun Bulus wajajen 144, goma kawai ya sani ko ya karɓa, babu waɗannan uku.

Masu kare ra'ayin gargajiya suna da amsa. Sun ce wasiƙa zuwa ga mutum ɗaya kan sha'anin shugabanci dole ta bambanta da wasiƙa zuwa ga jama'a kan aƙida, canjin magatakarda na iya canza salo, kuma rubutu gajere irin wannan bai isa a gina hukunci a kan ƙididdigar kalmominsa ba. Wannan suka ta ƙarshe tana da nauyi, masana ƙididdiga da dama sun yarda da ita. Duk da haka rinjayen masana a jami'o'i yana kan cewa wani mabiyin Bulus ne ya rubuta su bayan rasuwarsa, a ƙarshen ƙarni na ɗaya ko farkon na biyu.

Daga nan wata tambaya ke tasowa: idan haka ne, yaudara ce? Wasu na cewa al'ada ce sananniya ɗalibi ya rubuta da sunan malaminsa don girmamawa. Bart Ehrman da wasu sun musa, suna nuna cewa mutanen da ma suna ƙyamar haka idan sun gano. Tartuliyan, wani marubucin Kirista na wajajen shekarar 200, ya ba da labarin wani dattijon majami'a a Asiya da ya ƙirƙiri labarin tafiye-tafiyen Bulus, ya ce ƙaunar Bulus ce ta sa shi, amma duk da haka ya rasa muƙaminsa. Abin lura shi ne ɓangarori biyu suna kafa hujja da wannan labari ɗaya: masu gargajiya na cewa ya nuna majami'a tana tacewa, masu suka na cewa ya nuna ana yin jabu kuma ba kullum ake kama shi ba.

Wasiƙar Ibraniyawa ba ta ambaci sunan marubucinta ba. Tartuliyan ya jingina ta ga Barnaba, abokin tafiyar Bulus, majami'un gabas suka jingina ta ga Bulus, Orijin kuwa a ƙarni na uku ya ce Allah ne ya san wanda ya rubuta ta.

## Linjiloli da shekarar 70

A shekarar 70 rundunar Roma ƙarƙashin wani kwamanda mai suna Titus ta rushe Urushalima da Haikalinta, wato babban ɗakin ibadar Yahudawa. Kusan duk muhawarar shekarun Linjiloli tana zagaye wannan aukuwa ne. A Markus sura 13 Yesu ya ce ba za a bar dutse a kan dutse ba a Haikalin, cikin harshe mai duhu da ya dace da kwanakin yaƙin da ya fara a 66, shi ya sa ake sanya Markus tsakanin 65 da 75. Luka a sura 21 ya kawo maganar a fili, yana zancen sojoji sun kewaye birnin, abin da mutane da yawa ke karantawa a matsayin alamar marubucin ya san abin da ya faru.

Mataki na biyu shi ne dangantakar Linjiloli uku na farko. Markus na da ayoyi kimanin 661, kuma wajen 600 daga ciki suna da takwara a Matiyu, fiye da rabi a Luka, sau da yawa kalma bisa kalma da Girkanci. Inda suka bambanta, galibi Matiyu da Luka ne ke gyara kaushin harshen Markus ko su taƙaita shi. Saboda haka rinjayen masana tun ƙarni na 19 ya koma kan cewa Markus ne na farko, saɓanin Agustin da magabata da suka fifita Matiyu. Akwai kuma ayoyi sama da 200, yawancinsu maganganun Yesu, da Matiyu da Luka suka haɗu a kai ba tare da Markus ba. Wasu na ganin sun ɗebo su daga wani kundi da ya ɓace, wanda ake wa laƙabi da harafin Q daga kalmar Jamusanci mai nufin tushe, kodayake ba a taɓa samun ko shafi guda nasa ba. Austin Farrer a 1955, da Mark Goodacre a bayansa, sun ce babu bukatar wannan kundi idan Luka ya karanta Matiyu kai tsaye. Ko ta wace hanya, idan Markus na wajajen 70 ne kuma sauran biyun sun yi amfani da shi, to su sun faɗo tsakanin 80 da 90. Yahaya, mai salo dabam da dogayen jawabai, ana sanya shi tsakanin 90 da 100.

Wannan lissafi yana da masu ƙalubalantarsa, kuma ba duka masu tsattsauran ra'ayi ba ne. John Robinson, bishop na Anglika da aka sani da sassaucin aƙida, ya wallafa littafi a 1976 yana cewa dukkan Sabon Alkawari ya riga 70, hujjarsa kuwa ita ce babu littafi ɗaya da ya faɗi ƙarara cewa Haikalin ya riga ya faɗi, alhali da ya faɗi, da babu hujjar da ta fi wannan amfani ga marubutan. Hujja ta biyu ita ce ƙarshen Ayyukan Manzanni, wanda ya tsaya Bulus na tsare a gida a Roma shekara biyu, wajajen 62, bai ce komai ba kan shari'arsa ko kisansa a zamanin Sarki Niro. Idan littafin na 62 ne, to Luka, wanda marubuci ɗaya ne ya rubuta su kuma ya gabace shi, ya fi haka tsufa, Markus kuma ya fi Luka. Masu ɗaya ra'ayin suna amsawa cewa manufar littafin ita ce nuna yadda saƙo ya tashi daga Urushalima ya isa Roma, da ya isa kuwa labari ya cika, kuma jawabin ban kwana na Bulus a sura 20 yana nuna marubucin ya san ba za a sake ganinsa ba. A can ɗaya ƙarshen, Richard Pervo ya kai littafin wajajen 115, bisa ganin marubucin ya karanta littafin Yosifus, masanin tarihi Bayahude, da aka kammala a 93 ko 94.

Akwai wurin da aƙida ke shiga lissafin, kuma ya kamata a faɗe shi a sarari. Mai imani da annabci ba ya ganin wata matsala Yesu ya faɗi rushewar Haikali shekara arba'in kafin ta auku. Amma ko masanan da ke sanya Markus a 70 da yawansu sun yarda Yesu na iya faɗin haka, tunda annabawan Yahudawa kamar Irmiya sun yi irin wannan gargaɗi. Abin da suke dubawa shi ne dalilin da ya sa marubuci ya ba maganar wannan muhimmanci da irin kalmomin da ya zaɓa.

## Daga ina sunayen suka fito?

Shaida mafi tsufa ita ce ta Fafiyas, bishop na Hirafolis a farkon ƙarni na biyu, wanda littattafansa suka ɓace sai 'yan guntayen da wasu suka nakalto, musamman Yusibiyus, marubucin tarihin majami'a, a ƙarni na huɗu. Fafiyas ya ce Markus tafintan Bitrus ne, wato babban almajirin Yesu, ya rubuta abin da ya tuna daidai amma ba bisa jeri ba, Matiyu kuma ya tsara maganganun da harshen Ibraniyawa. Wajajen 150 Yustin Shahidi yana nakalto daga abin da ya kira tunanin manzanni ba tare da jera sunaye huɗun ba. Sai wajajen 180 Ireniyus na Liyon, a Faransa ta yau, ya ambaci huɗun da sunayensu. Ireniyus ya ce yana yaro ya saurari Folikaf na Simirna, wanda ya zauna da Yahaya. Mai karatun da ya san ilmin hadisi zai ga kamannin isnadi a nan, sai dai majami'ar farko ba ta gina wani fanni na tantance maruwaita ɗaya bayan ɗaya ba, saboda haka ana auna irin wannan sarƙa ne da abin da nassin kansa ya nuna.

A nan ne matsaloli ke fitowa. Matiyu da ke hannu bai yi kama da fassara daga Ibraniyanci ba, kuma yana bin Markus har a labarin kiran mai karɓar haraji, inda Markus ya ce Lawi shi kuma ya ce Matiyu. Da wuya a fahimci dalilin da zai sa wanda abu ya faru a kansa ya ari kalmomin wanda bai halarta ba. Luka a gabatarwarsa ya faɗa da kansa cewa mutane da yawa sun riga shi rubutu, kuma shi bincike ya yi daga waɗanda suka gani da ido, sai dai a wasu sassan Ayyukan Manzanni daga sura 16 yana cewa "muka tafi", abin da ke goyon bayan cewa abokin tafiyar Bulus ne. Linjilar Yahaya ta jingina shaidarta ga almajirin da Yesu yake ƙauna ba tare da suna ba, ayoyinta na ƙarshe kuma suna cewa "mun sani shaidarsa gaskiya ce", wato akwai hannun wasu bayan nasa.

Martin Hengel ya kafa hujjar cewa sunayen tsofaffi ne ƙwarai, domin babu kwafin da ya jingina ɗaya daga cikin huɗun ga wani dabam, kuma mai son ƙirƙirar suna da ya zaɓi Bitrus, ba Markus da Luka da ba sa cikin almajiran Yesu sha biyu ba. Richard Bauckham a 2006 ya faɗaɗa wannan da cewa shaidun gani da ido suna raye lokacin rubutun. Masu suka sun ce kwafin da ke ɗauke da sunayen duk na wajajen 200 zuwa sama ne, bayan an riga an daidaita. Shakka kan wasu littattafan ma ba ta zamani ba ce: Diyonisiyus na Iskandariya a ƙarni na uku ya nuna cewa Girkancin Wahayin Yahaya, littafin ƙarshe na Sabon Alkawari, ya yi nisa da na Linjilar Yahaya har ba za su fito daga hannu ɗaya ba, Yusibiyus kuma ya sanya Yakubu da Yahuza da Bitrus ta biyu da Yahaya ta biyu da ta uku cikin waɗanda ake jayayya a kansu.

## Abin da takardu suka tabbatar

Babu rubutun asali ko ɗaya da ya tsira, kamar yadda yake ga sauran littattafan Girkawa da Romawa. Akwai kwafin Girkanci na hannu sama da 5,000, mafi yawansu na bayan ƙarni na tara. Wanda aka fi ambata a matsayin mafi tsufa guntun fafirus ne, wato takardar zamanin da, da bai kai tafin hannu ba, mai ɗauke da 'yan layuka daga Yahaya sura 18, yana ɗakin karatu na John Rylands a Manchester, an wallafa shi a 1935 aka sanya shi farkon rabin ƙarni na biyu. An yi hakan ne ta kwatanta salon rubutun hannu, hanyar da ba ta ba da shekara takamaimai, kuma Brent Nongbri a 2005 ya nuna tazarar na iya kaiwa ƙarshen ƙarnin ko farkon na uku. Cikakken Sabon Alkawari mafi tsufa yana cikin kundin Sina'i na ƙarni na huɗu, wanda mafi yawansa ke Landan.

Nassoshin da marubutan farko suka nakalto suna taimakawa fiye da guntayen. Wasiƙar da majami'ar Roma ta aika Koranti wajajen 96, wadda ake jingina wa Kilemen, ta umarci Korantiyawa su ɗauko wasiƙar da Bulus ya rubuta musu. Wannan kaɗai ya isa rushe zancen cewa a 325 aka rubuta littattafan. Taron Nikiya kan rikicin Ariyus game da matsayin Almasihu ya zauna, da ranar Ista, da dokoki 20 na tsarin majami'a, babu ɗaya a cikinsu da ya shafi jerin littattafai.

Linjilar Barnaba, wadda ke yawan fitowa a muhawarar Musulmi da Kirista a Arewa, tana faɗowa ƙarƙashin ma'auni ɗaya. Wani jeri na ƙarni na shida ya ambaci wata linjila da sunan Barnaba cikin waɗanda aka ƙi, amma nassinta bai tsira ba. Wadda ake karantawa a yau ta dogara ne da kwafin Italiyanci na ƙarshen ƙarni na 16 da ke Biyana da wani na Sifaniyanci, aka fassara ta zuwa Ingilishi a 1907, Rashid Rida ya buga ta da Larabci a Alƙahira a 1908. Tana cewa shekarar jubili, wato shekarar yafiya da 'yantarwa, duk shekara ɗari take zuwa, abin da ya dace da shelar Fafaroma a 1300 maimakon shekara hamsin ta Attaura, kuma tana sa Yesu ya ce shi ba Almasihu ba ne, alhali Alƙur'ani da wannan laƙabi ya kira shi.

## Inda abin ya taɓa mai karatu

Wanda ya buɗe fassarar zamani zai tarar da baka ko ɗan bayani a ƙasan shafi a Markus 16:9-20 da Yahaya 7:53 zuwa 8:11, labarin matar da aka kama da zina. Dalili shi ne kundin Sina'i da na Fadar Fafaroma duk sun ƙare Markus a aya ta 8, kuma tsofaffin kwafin Yahaya ba su da wancan labari. Masu fassara ne da kansu suka sanya alamar, ba wani ne ya bankaɗo sirri ba.

Majami'u ba su ɗauki sakamakon binciken da hannu ɗaya ba. Hukumar nazarin Littafi Mai Tsarki ta Katolika a 1964 ta amince cewa Linjiloli sun bi matakai uku, wato abin da Yesu ya yi ya faɗa, wa'azin manzanni, sannan aikin marubutan da suka zaɓa suka tsara, don haka sanya Matiyu a shekarar 85 ba ya girgiza koyarwarta. Majami'un bishara da yawa kuwa suna ɗaure amincin nassi da sahihancin sunan da ke kansa, musamman a wasiƙun da suka ce daga Bulus ko Bitrus suke. Ɗalibin da ya tashi daga makarantar Lahadi ya shiga sashen nazarin addini a jami'a yakan ci karo da wannan bambanci a shekararsa ta farko.

Muhawarar tana sauka har cikin harkokin yau da kullum na majami'a. Ayar da aka fi kafa hujja da ita wajen hana mata koyarwa da shugabanci tana Timoti ta fari 2:12, ɗaya daga cikin wasiƙun da ake jayayya a kansu, alhali Romawa sura 16, wadda babu jayayya a kanta, tana yabon Fibi mai hidimar majami'ar Kankiriya da Biriskila abokiyar aikin Bulus. Masu goyon bayan naɗa mata suna kawo batun marubuci, masu adawa kuma suna cewa littafin da ya shiga jerin nassi hukuncinsa na nan ko da wane ne ya riƙe alƙalamin.